Godiya da 'yar kyauta suna rage damuwa, ko dai lallashin kai ne?

Baban Khalifa (Gyallesu):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri, yau zan ɗan ja zance. Wata huɗu da suka wuce barci ya ƙaurace mini. In kwanta ƙarfe goma, ƙarfe biyu idona biyu ina lissafi: haya, kuɗin makarantar yara uku, bashin mai shago, maganin tsohuwa. In kai ƙarshe in sake komawa farko, kamar in na maimaita kuɗin za su haihu. Na je asibiti aka ce jinina ya hau, aka ɗora ni a kan magani, kuma ina sha, kar wani ya ce na bari.

Abin da na ƙara a kai shi ne ya kawo ni. Akwai wata tsohuwar randa ta kakarmu da aka kife a bayan ɗaki. Na wanke ta, na kafa ta a ƙofar gida gindin darbejiya, na ɗaura mata moɗa da igiya. Kullum da safe in sayi jarka ɗaya wurin mai kura in juye. Da dare kuma in buɗe bayan littafin da nake tsara darasi, in rubuta abu uku da suka yi mini daɗi a ranar.

Ranar farko da kyar na sami biyu. Ranar ta huɗu ina zaune a zaure sai ga wani dattijo mai tallar tsintsiya, ya sauke kayansa, ya sha moɗa biyu, ya ɗebi ta uku ya zuba wa ƙafafunsa da suka yi futu-futu da ƙura. Bai san ina kallonsa ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa mai randar addu'a har da iyayensa. A daren nan ban san lokacin da barci ya sace ni ba.

Bashina yana nan, ko sisi bai ragu ba. Amma barcina ya dawo kamar kashi biyu cikin uku. Akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan, ko ni ne nake yaudarar kaina?

Injiniya (PZ):
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara lafiya. Amma ni fa ina da ja. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin sati ya zagayo, daga baya ta taɓa dubu. Aka ce mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, ku kai shi kasuwar Sabon Gari ku ga abin da zai cika muku. Damuwarmu tana da suna, tana da farashi. Mutum yana cikin wannan sai a ce masa ya rubuta abu uku? Ni abin da na lura, an mai da "a gode wa Allah" murfin rufe bakin talaka. Ka buɗe baki ka ce wuta ba ta zo ba kwana uku, a ce kai ba ka da godiya, wasu ko waya ba a ja musu ba.

Ɗan Kwangila:
Injiniya ya faɗi gaskiya kan mai, mu masu a-daidaita-sahu mu muka fi kowa sani. Amma bari in ba da nawa. Ni na ɗaukar wa kaina fasinja ɗaya a rana ban karɓar kuɗinsa. Ni nake zaɓa, ba wanda ya roƙa ba. Jiya wata tsohuwa ce na ɗauko daga Kwangila zuwa Tudun Wada, tana ta kwance bakin zane tana ƙirga 'yan canji, na ce Iya bar shi. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta ji ba. Har na kai Kofar Doka ina dariya ni kaɗai. Kuma ranar da na yi haka da safe, ko an gogar mini keke a cunkoso ba na zagi sosai. Na ce sosai fa, ban ce ba na yi ba.

Injiniya (PZ):
To balas ɗin mai keke fa? Shi ma yafewa yake yi?

Ɗan Kwangila:
Ina! Shi ko ruwan sama aka wuni ana yi sai ka kawo masa cif. Shi ya sa na ce ɗaya, ban ce goma ba.

Ɗalibar Samaru:
Baban Khalifa, ba yaudarar kanku kuke yi ba, an gwada abin nan. A 2003 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun raba ɗalibai gida uku na tsawon mako goma. Kashi ɗaya kowane mako su rubuta abu biyar da suke godiya a kai, kashi na biyu abu biyar da suka ɓata musu rai, na uku kuma abu biyar da suka faru kawai. Masu rubuta godiyar suka fi jin daɗin rayuwarsu, suka fi kyautata zaton abin da ke gaba, kuma ƙorafin ciwon kai da ciwon jiki ya fi ƙaranci a wurinsu. Sun sake gwadawa da masu fama da cutar jijiyoyi da tsoka na kwana 21, su kuma barcinsu ne ya ƙaru.

Ta ɓangaren kyauta kuma, a 2008 Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada sun ba mutane ambulan da safe, wasu dala 5 wasu dala 20. Aka ce wa rabi su kashe wa kansu, rabi su kashe wa wani. Da yamma aka buga musu waya. Waɗanda suka kashe wa wani sun fi farin ciki, kuma abin mamaki, mai dala 5 da mai 20 duk ɗaya.

Injiniya (PZ):
'Yar'uwa, Bature mai wuta awa 24 aka ba dala ya je ya yi kyauta da kuɗin da ba nasa ba. Ni ma a ba ni in gwada.

Ɗalibar Samaru:
Na san za ku faɗi haka Yaya. Daga baya sun duba bayanan ƙasashe 136, masu kuɗi da matalauta, har suka yi gwaji a Yuganda, abin ya fito kusan iri ɗaya. Amma zan ba ku gaskiyarku a wuri ɗaya. Wasu masana a jami'ar jihar Ohio sun tattara bincike 27 kan rubutun godiya, suka ga tasirinsa a kan ciwon damuwa da fargaba ƙarami ne. Yana nan, amma ƙarami. Wanda ciwon ya kama shi da gaske, littafi da biro ba za su ishe shi ba.

Anti Nas (Shika):
Yawwa, nan nake jira a zo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ce wani abu kan jiki. In mutum ya shiga tashin hankali, jikinsa yana sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, suga ya hau, don jiki ya ɗauka gudu za a yi ko faɗa. In kare ne ya biyo ka, minti kaɗan an gama. Matsalar bashi ita ce ba ya cizo ba ya tafiya. Kana kwance kana juya shi a kai, jiki yana ta shirin gudun da ba za a yi ba. Duk abin da ya katse wannan juyin, ko na minti goma ne kafin barci, ya yi aiki. Malam ya canja abin da yake kwanciya da shi a ka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma don Allah, Malam, kar ka ga barci ya dawo ka ajiye maganin hawan jini. Mun sha ganin wanda ya ce ya ji sauƙi, bayan wata biyu a kawo shi ɓarin jiki ya shanye. Sannan duk wanda ya kai mako biyu ba ya jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, ko yana jin gara ma ya mutu, wannan ba rashin godiya ba ne, ciwo ne. Asibitin koyarwa na nan Shika yana da sashen masu wannan lalura, akwai kuma na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba hauka ba ne.

Baban Khalifa (Gyallesu):
Ina sha Anti, kullum bayan asuba. Uwargida ce ma mai gadin kwalin.

Maman Ummi (Tudun Wada):
Ni dai ku yi mini afuwa, ina karantawa ina jin haushi. Ku maza kuna maganar kyauta tana kawo kwanciyar hankali, ni kyautar ce take hana ni barci. Watan jiya kaɗai biki uku, suna biyu. Kowanne da anko, kowanne da gudummawa. Kuma ba a son ranka kake bayarwa ba, akwai littafi. Wadda ta kawo mini dubu biyar lokacin auren ƙanwata, in nata ya tashi dole in kai fiye da haka, in ba haka ba a yi da ni a tsakar gida har shekara. Na ci bashin adashi don in fita kunya. Ga dangin miji, duk wanda ya shigo gari daga ƙauye nan ne masauki, in zai tafi kuɗin mota. In ce babu, a ce matar nan ta mallake shi. To wace damuwa wannan kyautar ta rage mini? Ni kam in alheri gadon barci ne, nawa gadon akwai kuɗin cizo.

Hajiya Babba (Kofar Doka):
Kai 'yar nan, kin ba ni dariya da tsakar rana. Amma abin da kike yi ba kyauta ba ne, biki ne, biki kuwa bashi ne tun kaka da kakanni. Da can ma haka yake, sai dai da kwano ake yi da turmin atamfa ɗaya, ba a kai shi inda kuka kai shi yanzu ba.

Bari in gaya muku yadda muka taso a cikin birni. In an sauke tuwon dare, kafin kowa ya ci sai an zuba na ɗauki. Ni ce mai kaiwa gidan wata tsohuwa da ba ta da kowa, a lungun bayanmu. Akushi ne ƙarami, malmala ɗaya, miyar kuka a kai. In na kai sai ta juye, ta wanke akushin, ba ta taɓa mayar da shi haka nan ba. Wata rana ƙuli-ƙuli biyu, wata rana goriba, ranar da babu komai sai ta saka ɗan gishiri a ganye. Ni kuma ta ba ni tukwici, ko da aya ce guda biyar. Innarmu takan buɗe akushin ta ga gishirin nan ta ce, "Allah sarki, yau ba ta da shi," gobe sai ta ƙara malmala. Kun ga ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi gori, amma an san halin da kowa ke ciki.

Maza kuma ga ciyayya a ƙofar gida. Kowa a fito da nasa a haɗa. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya zo ya zauna ya ci, ba mai ganewa sai matarsa. Yanzu kowa ya ja get ya kulle, yana cin damuwarsa shi kaɗai.

Kuma mu mun ga Hajiya Gambo Sawaba da idonmu kafin ta rasu a 2001. Matar da ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU, amma gidanta a Sabon Gari cike yake da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba. Injiniya, ka ji wannan: ba ta taɓa rufe baki a kan zalunci ba, kuma hannunta a buɗe yake. Waye ya ce maka sai an zaɓi ɗaya?

Injiniya (PZ):
Ranki ya daɗe, wannan kam kin kama ni.

Ɗalibar Samaru:
Mama, abin da kuka bambanta ɗin nan shi ma an auna shi. Taimakon da mutum ya yi don ransa ya so shi ne yake ƙara masa walwala. Wanda ya yi don tsoron surutu ko don dole, ba ya samun wannan daɗin, kuma wanda aka yi wa ma yana ji a jikinsa. Ɗan Kwangila da ya ce shi yake zaɓar fasinjan, a nan maganar take. Akwai kuma wani bincike da aka bi mutum 77 kwana 14, kowane dare ana tambayarsu ta waya abin da ya dame su da kuma ɗan taimakon da suka yi wa wani, irin riƙe wa mutum ƙofa ko tambayarsa ko yana buƙatar hannu. Ranar da suka fi taimakawa, ɓacin ran ranar bai yi tasiri sosai a kansu ba. Ba kuɗi a ciki ko kwabo.

Maman Ummi (Tudun Wada):
To ni yanzu in daina zuwa biki ke nan? Ku ba ku san mata ba.

Hajiya Babba (Kofar Doka):
Ban ce ki daina ba. Ki je, zumunta a ƙafa take. Amma ki kai abin da kike da shi, ki shiga madafa ki kama aiki, ki bar ankon da ba ki da kuɗinsa. Za su yi magana sati biyu su gaji su koma kan wata. Ni na daina anko tun kafin a haifi Umminki, ga ni nan ban mutu ba.

Malam na Kofar Kona:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan tsaya a kan maganar Injiniya, don akwai gaskiya a ciki kuma mu masu wa'azi muna da laifi. Godiya ba ta hana faɗin ciwo. Annabi Yaƙub, da aka siffanta da kyakkyawan haƙuri, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah, yana nan a Suratu Yusuf. Kuma wanda aka zalunta an ba shi damar ya ɗaga murya. Duk wanda ya ce maka ka yi shiru a kan haƙƙinka da sunan godiya, ya haɗa abu biyu da ba a haɗa su ba.

Hadisin da ke cikin Muslim, cewa ku dubi wanda ke ƙasa da ku kada ku dubi na sama da ku, magani ne da mutum zai sha da kansa. Ba sanda ba ce da mai ƙoshi zai doki mai yunwa da ita.

Maman Ummi kuma, shari'a ta ce ka fara da waɗanda kake ciyarwa. Cin bashi don a fita kunyar biki ba sadaka ba ce. Sadaka kuwa an sauƙaƙa ta har aka ce ko da tsagin dabino ne, aka ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne. Abin da ke ɓata ta shi ne gori da cutarwa, aya ta 264 a Baƙara.

Wani abu ɗaya da nake so mu lura: mu Hausawa bakinmu cike yake da godiya. Yaya aiki? Da godiya. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya gida? Alhamdulillahi. Mun faɗe ta har ta zama kamar tari, tana fita ba mu sani ba. Abin da Baban Khalifa ya yi daban shi ne ya kama abu ɗaya ya kira sunansa. Kuma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Yaushe rabon ɗayanmu da ya ce wa matarsa an gode da abinci?

Ɗan Kwangila:
Malam, in na faɗa yau za ta ce me na aikata.

Yaya Wusasa:
Ina ta bin zancen shiru. Mu ma Kirista a wajenmu haka yake, an ce ku yi godiya cikin kowane hali, kuma bayarwa ta fi karɓa albarka. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, na wuni a layin banki ban samu ko naira ba. Mai kayan miya da nake saye wurinta a Ɗanmagaji ta auna mini tumatir da attaruhu, ta ƙara gyara, ta ce in kawo duk ranar da kuɗi suka fito. Ba addininmu ɗaya ba, ba ta san gidana ba. Bayan sati uku na kai mata, na haɗa da sabulu sinƙi ɗaya, na tsaya na gaya mata abin da ta yi mini a ranar, don yarana da ba su ci miya ba. Ta rufe fuska da mayafi tana cewa ba komai. Har yau in raina ya ɓaci da mutane, ita nake tunawa.

Baban Khalifa (Gyallesu):
Yaya, wannan ya yi daidai da abin da na gani a littafina. Ranar da na rubuta "lafiya, iyali, aiki" ba na jin komai, kamar cike fom. Ranar da na rubuta cewa Khalifa ya karanta mini layi biyu ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ko maƙwabci ya ara mini tsani ban roƙa sau biyu ba, ita ce ke zama a zuciya. Kuma na rage, ba kullum nake yi ba yanzu, don na ga ya fara zama aikin gida. Sau biyu ko uku a mako.

Injiniya (PZ):
To na ji. Ban janye maganata kan mai da wuta ba, kuma gobe ma zan yi ƙorafi a zauren nan. Amma jiya da dare na kira wani tsohon maigidana da ya koya mini haɗa waya shekaru da yawa, ban taɓa ce masa na gode ba. Ya ɗauka rasuwa zan gaya masa. Muka yi minti arba'in, katina ya ƙare. Barci dai ban ga ya ƙaru ba, zafi ne ya hana ni, ba wuta.

Maman Ummi (Tudun Wada):
Ni ma asabar akwai suna a Tudun Jukun. Zan je ba anko. In kun ji shiru, an cinye ni.

Hajiya Babba (Kofar Doka):
Ki sa wanda kike da shi ki goge shi da kyau. In sun yi magana ki ce Hajiya ce ta hana.

Baban Khalifa (Gyallesu):
Jama'a, sabon labari. Na fito yanzu zan zuba ruwa, an tsinke igiya an tafi da moɗar. Ta uku ke nan.

Ɗan Kwangila:
Malam, yau me za ka rubuta a littafin?

Baban Khalifa (Gyallesu):
An bar randar.

Injiniya (PZ):
Kar ka sayi wata. Ina da guntun sarƙa a shago da kofin silba da ba na amfani da shi. Ɗan Kwangila, in ka sauke fasinja a PZ bayan la'asar ka tsaya ka karɓa ka kai masa.

Ɗan Kwangila:
To, amma wannan kuɗin mota za ka biya, na riga na yi ta yau.